Kura a Fihirisar Injin Bincike: Yadda Ake Gane Ko Shafin Intanet Ya Shiga

Gabatarwa

Duk wanda ya yi hulɗa da babban ɗakin karatu na jami'a a zamanin akwatin katuna ya san cewa ajiye littafi a kan kanta daban ne, samunsa kuma daban. Littafin da ma'aikaci bai yi wa kati ba, ko da zai shekara goma a ɗakin, babu mai karanta shi sai wanda ya yi tuntuɓe da shi. Haka al'amarin yake a intanet. Mutum yakan biya kuɗi a gina masa gidan yanar gizo, a zuba masa shafuka, ya buɗe a wayarsa ya ga komai ya fito tsaf, ya ɗauka ke nan duniya ta gani. Alhali kuwa mai yiwuwa ne babu shafi ko ɗaya daga ciki da injin bincike ya san da zamansa.

Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake gane ko shafukan wani gida sun shiga fihirisar injin bincike, da dalilan da kan hana su shiga, da kuma wata matsala da ta keɓanta ga rubutun Hausa. An zaɓi Kura da yankin noman rani da ke kewaye da ita domin misali, saboda wuri ne da ake da dalilin nemansa a intanet kullum, kuma sunansa kaɗai ya isa ya nuna irin ruɗanin da inji yake shiga idan ya gamu da Hausa. A nan kalmar gida tana nufin tarin shafukan da ke ƙarƙashin adireshi guda, shafi kuwa shi ne kowane ɗaya daga cikinsu.

Abin da ake nema game da Kura

Kura tana kan hanyar Zariya, kimanin kilomita 30 daga birnin Kano. Kafin a san ta da shinkafa an san ta da rini, domin baƙaƙen tufafi masu ƙyalli da ake bugawa a can sun daɗe suna ratsa hamada zuwa wurin Buzaye. Philip Shea ya yi nazarin wannan sana'a ta ƙasar Kano a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Wisconsin a 1975. Abin da ya sauya fuskar yankin shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga Tiga ruwa yake gangarowa da kansa ta babbar magudana, ya bi ta Ruwan Kanya, sa'an nan ya rabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. An tsara kashin farko na shirin a kan hekta 22,000, ko da yake abin da aka kammala bai kai haka ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da shirin. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar gwaji a Kadawa, kuma a 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING wanda gyaran magudanan wannan yanki ya kasance cikin ayyukansa.

Saboda haka masu neman labarin Kura iri-iri ne. Akwai ɗan kasuwa a Legas ko Anaca da yake son sanin inda zai sami shinkafa gyararriya ko shanshera. Akwai direban da yake tambayar ko tumatir ya fara sauka a Kwanar Gafan. Akwai manomin da yake son sanin ranar da za a rufe ruwa domin gyara, don kuwa wanda ya dasa tumatir bai ji sanarwa ba ya yi asarar iri da taki da kuɗin ƙwadago gaba ɗaya. A 2016, shekarar da kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta ta cinye gonaki, kuma a irin wannan lokaci bayani na Hausa a kan yadda ake gane ta da yadda ake yaƙarta ya fi kuɗi daraja. Sai kuma ɗalibi mai rubuta kundi a kan kalmomin noman rani ko waƙoƙin masu casa. Dukkan waɗannan, idan sun ɗauki waya, injin bincike suke fara tambaya. Ƙungiyar manoma ko ta masu injin shinkafa ko ta mata masu turarawa da ta buɗe gida amma bai shiga fihirisa ba, tamkar ta kafa rumfa ce a bayan kasuwa inda babu hanya.

Yadda injin yake aiki

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa idan mutum ya rubuta tambaya, injin yakan fita ya zaga intanet a wannan lokaci ya dawo da amsa. Ba haka ba ne. Injin yana duba abin da ya riga ya tara ne, watau fihirisarsa, kamar yadda mai karatu yake duba fihirisar littafi maimakon ya karance shi daga bango zuwa bango. Kamfanin Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998, ya ce tasa fihirisar ta ƙunshi ɗaruruwan biliyoyin shafuka. Duk da wannan yawa, ba dukkan abin da ke intanet ne a ciki ba, kuma kamfanin bai taɓa alkawarin ɗaukar kowane shafi ba.

Aikin mataki uku ne. Na farko shi ne rarrafe. Akwai wata manhaja da ake yi wa laƙabi da gizo-gizo, ta Google sunanta Googlebot, ta Microsoft kuma Bingbot, wadda take buɗe shafi, ta karanta, ta tsinci mahaɗan da ke cikinsa, ta bi su zuwa wasu shafukan. Mahaɗi a nan shi ne kamar ƙaramar magudana a gonakin Kura: gonar da ba a ja mata ruwa daga babbar hanya ba, ko da tana dab da Tiga, busasshiya ce. Shafin da babu wani shafi da yake nuni zuwa gare shi, da wuya gizo-gizo ya iso shi. Mataki na biyu shi ne shigarwa. Injin yakan tantance abin da ya karanta, ya gane harshensa da batunsa, ya duba ko kwafin wani shafi ne, sa'an nan ya yanke shawarar ajiye shi ko barinsa. Na uku shi ne jerawa, watau wane shafi zai fito a sama idan an yi tambaya, wane kuma zai koma can ƙasa.

Dole a rarrabe tsakanin na biyu da na uku, domin a nan ne masu gidaje suke yawan ruɗewa. Mutum ya rubuta shinkafar Kura, bai ga shafinsa ba, sai ya ce ba a shigar da shi ba. Mai yiwuwa ne yana ciki, amma shafukan jaridu da na hukumomi sun danne shi. Wannan ciwo ne daban, maganinsa ma daban. Wanda bai shiga fihirisa ba ko kaɗan, duk gyaran kanun labari da za a yi masa aikin banza ne.

Hanyoyin dubawa

Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar izinin kowa. A akwatin bincike na Google ko Bing, sai a rubuta kalmar site, a sa ruwa biyu, a biyo da adireshin gidan ba tare da barin fili ba. Alal misali, wanda ya rubuta site:ha.wikipedia.org Kura zai ga shafukan Wikipedia ta Hausa kaɗai waɗanda injin ya ajiye kuma suka ambaci Kura. Ana iya faɗaɗa abin zuwa rukuni guda: site:gov.ng Kadawa zai kawo abin da gidajen gwamnatin Nijeriya suka rubuta, site:edu.ng Bunkure kuma na manyan makarantu. Idan aka sa adireshin gida kaɗai babu wata kalma, injin zai jero abin da ya sani daga gidan. Idan bai kawo komai ba, to akwai babbar matsala. Idan ya kawo shafuka goma alhali mai gidan ya san ya zuba ɗari biyu, nan ma akwai abin bincike. Ana kuma iya sa cikakken adireshin shafi guda domin a ga ko shi kansa yana nan.

Amma fa wannan hanya tana da iyaka. Adadin da injin yake nunawa kintace ne, yakan sauya daga yau zuwa gobe, kuma Google da kansa ya bayyana cewa wannan umarni ba lallai ne ya jero dukkan shafukan da ke fihirisa ba. Saboda haka fitowar shafi hujja ce cewa ya shiga, rashin fitowarsa kuwa alama ce kawai. Ɗalibin da ya ɗauki wannan adadi ya sa a kundinsa a matsayin ƙididdigar shafukan Hausa ya gina bayaninsa a kan yashi.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauko jimla guda daga tsakiyar shafin, wadda ba a zaton wani ya rubuta irinta, a sa ta cikin alamar zance a nema. Alamar tana tilasta wa injin ya nemi kalmomin a jere yadda suke. Wannan dabara tana da riba biyu, domin banda tabbatar da cewa an karanta cikin shafin, takan fallasa waɗanda suka kwashi rubutun suka liƙa a nasu gidajen. Abin takaici, wani lokaci kwafin ne yake fitowa, asalin kuwa babu shi.

Hanya ta uku ita ce tabbatacciya, sai dai mai gida kaɗai ke iya binta. Google yana da wani dandali na kyauta mai suna Search Console, wanda kafin 2015 ake kira Webmaster Tools. Da farko mutum zai tabbatar cewa gidan nasa ne, ta hanyar ajiye wani ɗan fayil da za a ba shi, ko liƙa wata lamba a shafin farko, ko ƙara ta a rajistar adireshin. Bayan haka akwai abubuwa biyu masu amfani. Ɗaya shi ne akwatin binciken adireshi, wanda aka ƙara a 2018: a sa adireshin shafi guda, sai a ga ko yana fihirisa, da ranar da gizo-gizo ya ziyarce shi a ƙarshe, da shafin da injin ya ɗauka a matsayin na asali. A nan ne kuma ake roƙon a zo a duba sabon shafi, ko da yake akwai iyakar roƙon da za a yi a rana, kuma amsar takan ɗauki kwanaki ko makonni. Ɗayan shi ne rahoton shigar da shafuka, wanda yake kasa gidan gida biyu, waɗanda suka shiga da waɗanda ba su shiga ba, tare da dalilin kowane rukuni.

A nan akwai abin da ya kamata kowace ƙungiya ta kula da shi. Sau da yawa wanda ya gina gidan, wani matashi ne a Kano da aka biya sau ɗaya, shi ne yake riƙe da mabuɗan komai, har da wannan dandali. Ranar da ya tafi bautar ƙasa ko ya sauya lamba, ƙungiyar ba ta da hanyar sanin halin da gidanta yake ciki. Ya kamata tun ranar farko a yi rajistar da sunan ƙungiyar, a ƙara maginin a matsayin mataimaki. Haka kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai biya Google a shigar da shafi, yaudara ce, domin kamfanin ba ya karɓar kuɗi a kan shigarwa. Abin da ake saye shi ne talla, ita kuwa da alamarta take fitowa.

Microsoft ma yana da irin wannan dandali mai suna Bing Webmaster Tools. Bai kamata a raina shi ba, domin Yahoo da DuckDuckGo sun dogara ƙwarai da fihirisar Bing. A 2021 Bing da Yandex na Rasha suka fito da tsarin IndexNow, wanda gida yake sanar da injin kai tsaye duk lokacin da aka ƙara shafi. A da akan duba kwafin shafi da Google ya ajiye domin a ga abin da ya karanta, amma an janye wannan a 2024. Rumbun Internet Archive yana ajiye tsofaffin kwafi, sai dai shi ma'ajiyar tarihi ce, samun shafi a cikinsa ba ya nuna cewa yana fihirisar injin bincike.

Abin da kan hana shafi shiga

Mafi yawan lokuta mai gida ne ya rufe ƙofa da hannunsa bai sani ba. Tun 1994, bisa shawarar wani masani mai suna Martijn Koster, ake da al'adar ajiye ɗan fayil mai suna robots.txt wanda yake gaya wa gizo-gizo inda zai shiga da inda ba zai shiga ba. An mai da wannan al'ada rubutacciyar ƙa'ida a 2022. Kowa yana iya karanta fayil ɗin kowane gida: a rubuta adireshin, a sa sanda jirge, a rubuta robots.txt. Idan aka ga kalmar Disallow da sanda jirge ita kaɗai a gabanta, an hana gizo-gizon da umarnin ya shafa shiga gidan baki ɗaya ke nan. Akwai kuma wata alama mai suna noindex da ake sawa a cikin shafi, wadda take cewa a karanta amma kada a ajiye. Magina sukan sa ta lokacin da ake aiki don kada a ga gida rabi da rabi, sai a gama a manta ba a cire ba. A manhajar WordPress, wadda gidaje da yawa suke amfani da ita, ɗan akwati guda ne a sashen saituna yake yin wannan ɓarna.

Akwai wani abin lura game da waɗannan biyu. Fayil ɗin robots.txt rarrafe yake hanawa, ba shigarwa ba. Idan wasu gidaje suna nuni ga shafin da aka hana, injin yana iya jera adireshinsa tsirara babu bayani. Wanda kuma ya sa noindex sa'an nan ya hana shiga shafin, ya hana gizo-gizo ganin umarnin nasa ke nan. Sakataren ƙungiya da yake son ɓoye jerin sunayen mambobi da lambobinsu kada ya dogara da ko ɗaya, kalmar sirri ce maganin wannan.

Sauran dalilan gajeru ne. Shafin da aka goge ko aka sauya wa adireshi yakan ba da amsa mai lamba 404, watau babu. Kwamfutar da ke ɗauke da gidan idan tana yawan faɗuwa, gizo-gizo yakan rage zuwa. Adireshi haya ne, shekara-shekara ake sabunta shi, na Nijeriya mai ƙarewa da .ng kuwa ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistarsa. Idan haya ta ƙare gidan ya ɓace, shafukansa sukan zube daga fihirisa a hankali. Wannan shi ne ajalin yawancin gidajen da ake buɗewa da kuɗin wani shiri na ɗan lokaci. Tun da Google ya koma karanta gidaje yadda suke fitowa a waya, abin da ba ya fitowa a waya yana cikin haɗarin a tsallake shi. Sa'an nan akwai rukunin da ya fi ɓata rai, wanda rahoto zai ce an karanta amma ba a ajiye ba. Babu laifin fasaha a nan. Injin ya gani ne bai ga abin da ya bambanta shafin da wasu ba, kamar shafin da babu komai a cikinsa sai hoton buhu da lambar waya.

Abin da yake taimakawa shi ne taswirar gida, watau fayil mai jerin adireshin dukkan shafuka, tsarin da Google ya fito da shi a 2005, Yahoo da Microsoft suka karɓa a 2006. Taswira guda tana ɗaukar adireshi har 50,000, abin da ya ishi kowace ƙungiya a Kura har da saura. Amma taswira gayyata ce kawai, ba ta tilasta wa baƙo zuwa.

Inda Hausa ta shigo

Mai nazarin harshe ya san cewa rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Bahaushe yana gane ma'ana daga jimla, inji kuwa haruffa yake gani. Haruffa huɗun nan na kura suna iya nufin garin, ko dabbar dawa, ko keken da 'yan garuwa suke turawa. Idan marubuci ya yi sakaci da ƙugiya, sai ƙurar hunturu da ƙura ido su shigo cikin jerin. A wajen ƙasar Hausa kuma akwai Kogin Kura da ya taso daga Turkiyya, ya ratsa Tbilisi babban birnin Jojiya, ya bi ta Azarbaijan ya faɗa Tekun Kasfiyan. Abin mamaki, shi ma an datse shi a Mingachevir ana noman rani da ruwansa. Ɗalibin da ya nemi noman rani a Kura da Turanci yana iya samun kansa yana karanta labarin audugar Azarbaijan. Har a Japan akwai jerin gidajen abinci masu suna Kura. Saboda haka shafin da ya ambaci Kura kurum, bai ce Kano ko Tiga ko Bunkure ko shinkafa ba, ya bar injin cikin zato. Wanda yake dubawa ma ya kamata ya haɗa sunan da wata kalma, in ba haka ba zai yanke hukuncin cewa shafinsa ba ya nan alhali taron masu suna ɗaya ne ya rufe shi.

Babbar matsalar ita ce ta haruffa masu ƙugiya, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930. A tsarin Unicode, wanda kwamfutocin duniya suke bi, kowane harafi yana da lambarsa, kuma ƙ da ɗ da ɓ suna da nasu. Amma akwai bambanci tsakaninsu da irin é ta Faransanci. Ita é a tsarin ana iya warware ta zuwa e da alamar samanta, don haka inji yana iya sauke hular ya gane dangantakar. Ita kuwa ƙ harafi ce mai zaman kanta, ba a warware ta zuwa k. Sakamakon haka neman ƙwari da neman kwari ba lallai ne su kawo amsa iri ɗaya ba, kuma yawancin masu waya ba sa sa ƙugiya. Duk mai duba shafi ta hanyar jimla cikin alamar zance sai ya gwada fuska biyun. Wannan ba dalili ba ne na watsar da ƙa'idar rubutu don a gamsar da inji, domin marubucin da ya rubuta kasa yana nufin ƙasa ya cuci mai karatu da harshen gaba ɗaya. Abin da ya dace shi ne a bar ƙugiya a cikin rubutu, a yi adireshin shafi da haruffa marasa ƙugiya, tun da ma shi adireshi ba jimla ba ne.

Akwai kuma gadon tsofaffin fon na Hausa irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa maɗaba'u da sassan Hausa na jami'o'i hidima mai yawa kafin Unicode ya yaɗu. Dabararsu ita ce zana harafi mai ƙugiya a gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba. A ido komai daidai ne, amma a cikin kwamfuta alamar asali ce a ajiye. Shi ya sa ake ganin }asa da ]aya da ~arawo a wasu shafuka. Kundin da aka buga da irin wannan fon aka ɗora a intanet yana iya shiga fihirisa sarai, amma duk kalmar da ke da ƙugiya ta shiga a karye, babu mai samunta. Gwajin mai sauƙi ne: a kwafi layi guda daga fayil ɗin a liƙa a akwatin bincike. Abin da ya fito a nan shi ne abin da injin ya karanta.

Wannan gwaji yana fallasa wata cuta kuma. Tsofaffin kundaye da mujallun ɗalibai da ake ɗauka a hoto a mai da su PDF, idan ba a iya zaɓar kalma a cikinsu ba, hotuna ne kawai. Injin yakan yi ƙoƙarin karanta hoton, amma rubutun tafireta da aka sa wa ƙugiya da biro yakan ba shi wuya, ya mai da ɗ ta zama d, ɓ ta zama b ko 6. Haka sanarwar rufe ruwa da aka buga a takarda, aka ɗauki hotonta aka liƙa a shafi ba tare da an sake rubuta ta ba. Abin da ake turawa a zaurukan WhatsApp, inda galibin labarin farashin shanshera da taki yake yawo, ba ya shiga fihirisa ko kaɗan, domin wuri ne rufaffe. Shirin rediyo a kan noma da aka ɗora da murya kaɗai, abin da injin ya fi dogara da shi shi ne take da ɗan bayanin da aka rubuta a ƙasa.

Bambancin rubuta kalma ma yana raba kan shafuka. Ana rubuta Garun Malam da Garun Mallam, tumatir da tumatur, Haɗeja da Hadejia, Nijeriya da Najeriya. A Nijar ana rubuta ƴ inda a Nijeriya ake rubuta 'y, kuma ita alamar da ke gaban y ɗin iri biyu ce a kwamfuta, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, kowace da lambarta. Google ya bayyana cewa daga rubutun da ke bayyane yake gane harshen shafi, ba daga lambar harshe da magini ya sa a ɓoye ba. Ke nan shafin da takensa da jerin sassansa duk Turanci ne, sai sakin layi biyu na Hausa a tsakiya, yana iya shiga fihirisa a matsayin na Turanci, manomin Bunkure da ya yi tambaya da Hausa kuwa ba zai gan shi ba. Idan ana son harsuna biyu, a ba kowane nasa shafin da nasa adireshin, a haɗa su da mahaɗi, sa'an nan a duba kowane daban a Search Console, domin shigar na Turancin ba ta tabbatar da shigar na Hausar.